Tanko Mai Ungulu

A kwatar Gummi, inda ake yanka shanu da awaki a gefen gari ta wajen gulbi, akwai wani mahauci da ake kira Tanko. Gajere ne kakkaura, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu tun ranar da wani bajimi ya take shi yana saurayi. Fawa gado ce a gidansu, kuma shi da ƙanensa Muttaka a rumfa ɗaya suka tashi suna fiɗa. Har ya ba shekara hamsin baya babu wanda ya san shi da wani abu ban da iya wuƙa da ƙarancin magana. Sunan da ake kiransa da shi yanzu, Tanko Mai Ungulu, daga baya ya same shi, kuma waɗanda suka raɗa masa ba don yabo suka yi ba.

Lokacin ƙuruciyarsa ungulu ta fi mahauta yawa a kwata. Kafin a kayar da san farko sun riga sun jeru a kan katanga, wuya a lanƙwashe, suna jira. Da an zubar da dattin tumbi da guntayen hanji sai su sauko ɗuu, suna ture juna, kafin azahar wuri ya yi fes kamar an share. Tanko bai taɓa ƙaunarsu ba. Jifarsu yake yi da ƙashi in sun matso kusa da teburinsa, yana tsaki.

Raguwarsu ba ta zo rana ɗaya ba, shi ya sa ba a lura ba. Wata shekara katangar ba ta cika ba, wata shekarar rabinta ma babu kowa. Mahauta suka ce ai sun tafi ci-rani, aka yi dariya aka wuce.

Tanko ya gane inda suke tafiya ne wata ranar kasuwa, ana gab da saukar damina. Wasu baƙi biyu suka zo a kan babur da buhuna ɗaure a baya. Ya ga sun ja Muttaka gefe suna ƙus-ƙus, daga nan ya ga Muttaka ya cika masu daro da huhu da guntayen hanji. Bai kawo komai a ransa ba, don masunta ma kan zo neman irin wannan. Sai da ya idar da sallar azahar, ya bi ta kwazazzabon bayan kwata zai gangara gulbi ya wanke wuƙaƙensa, sannan ya ga abin da ya tsayar da shi cak.

Ungulaye ne zube a ƙasa. Wasu sun mutu, wasu suna bugun ƙasa da fukafukai, kumfa na fita daga bakinsu. Wata ta yunƙura ta tashi sama kaɗan, ta faɗo tim. Baƙin nan suna tsugune a tsakiyarsu, ɗaya na yanke kawuna da ƙafafu, ɗaya na cusawa a buhu. Naman da Muttaka ya ba su yana shimfiɗe a kan leda, an barbaɗe shi da wani gari mai warin maganin feshin gona.

“Kai! Wace irin ɓarna ta wagga?” in ji Tanko.

Babban cikinsu ya ɗago kai, ko a jikinsa. “Baba, sana’a muke yi kamar yadda kake taka. Kan ungulu yana da masu saye, masu neman sa’a da masu neman asiri layi suke yi a kansa. Tsuntsun wani muka taɓa?”

Da alama sun dubi fuskar Tanko, sun kuma dubi wuƙaƙen da ke hannunsa, don sai suka tattara buhunansu da sauri suka hau babur. Ya tsaya shi kaɗai a cikin gawarwakin. Can sai ga karen wani makiyayi ya nufo naman yana shinshina. Tanko ya kore shi da dutse, ya koma kwata ya ɗauko fartanya, ya haƙa rami mai zurfi ya binne naman da ledar da sauran gangar jikin tsuntsayen.

Yana cikin mayar da ƙasa ya ji motsi a cikin wata sabara. Da ya leƙa sai ya ga wata ungulu da ta tsere wa wuƙar baƙin, tana kwance a gefe ɗaya, ƙafafunta sun sandare, idonta a kansa. Tanko ya yanka dabbobin da shi kansa bai san adadinsu ba, ya san idon dabbar da ta saduda, ya san na wadda ba ta saduda ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta, ya rungumo ta ya nufi gida.

Matarsa Hure tana tsakar gida tana tuyar ƙuli-ƙuli, sana’ar da aka san ta da ita a unguwar. Ta toshe hanci tun kafin ya ƙaraso.

“Malam, mi ka ɗauko muna haka mai wari?”

“Ungulu ta. Guba anka ba ta.”

“Inna lillahi! Ungulu cikin gidan da nika sai da abin ci? Wallahi ba ta kwana nan. In maƙwabta sunka gani, wa ka ƙara sayen ƙulina?”

Bai yi musu da ita ba. Ya juya ya fita, ya zagaya kangon bayan gida inda yake ɗaure raguna, ya kwantar da ita a inuwa a kan buhu. Daga nan ya tafi neman David, ma’aikacin lafiyar dabbobi, mutumin Zuru, wanda ke duba nama kullum safiya a kwata, mahauta suna ce masa Likita.

David ya fara da dariya, da ya ga fuskar Tanko sai ya haɗiye ta. “Baba Tanko, ni shanu da tumaki na karanta. Ban taɓa yi wa ungulu allura ba.”

“To, yau ka fara, Likita.”

David ya bi shi har kangon. Ya ɗan ɗibi allurar da yake yi wa shanun da suka sha maganin feshi, ya yi mata a ƙirji, ya ce bai yi alkawarin komai ba. Ya ce a daka gawayi ya yi laushi, a dama da ruwa, a riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan. Haka Tanko ya yi. Yakan tsuguna ya matse ta a tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe bakin da yatsa, ita kuwa ta saka masa da amai mai warin da ko shi mahauci sai da ya kau da kai. Ta sare shi a hannu ba sau ɗaya ba. Bayan ’yan kwanaki ta miƙe a kan ƙafafunta, ta fizge yankin hanta daga hannunsa ta haɗiye. Tanko ya ce alhamdu lillahi a fili, shi kaɗai a cikin kango.

Labari ya riga ya zaga gari. In ya wuce sai yara su bi shi da “Mai Ungulu! Mai Ungulu!” Wasu suka ce tsibbu ya shiga, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Akwai matan da suka daina aiko a sayi nama a teburinsa. Cinikin Hure ma ya ja baya, kuma ba ta ɓoye masa ba, kullum da daddare sai ta faɗa masa tare da miƙo tuwo.

Amma wata rana da hantsi, Tanko yana kwata, wani mutum mai carbi a wuya ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ce ya ji akwai ungulu mai rai, zai saya, kuma ba sai maigida ya sani ba, a ce ta tsere. Hure ta fito zaure da muciya a hannu.

“Ni ma ban son ganinta,” in ji ta daga bayan labule. “Amma mutum ya bar cinikinai shina jinyar abu, kai ka zo bayan idonai ka ce in sai maka? Ka bar ƙofar gidanga tun ban tara maka unguwa ba.”

Mutumin ya tafi. Ba ta gaya wa Tanko ba, a bakin maƙwabta ya ji. Da ya dawo ya ce mata ya gode, sai ta ce ya ajiye godiyarsa, ya dai gaggauta raba ta da wannan ƙazanta.

Ya saki ungulun wata safiya bayan ruwan farko. Ya kai ta filin bayan kwata ya kwance buhun. Ta yi ’yan tsalle-tsalle a karkace, ta ruga da gudu kamar za ta faɗi, sannan ta buɗe fukafukai iska ta ɗauke ta. Washegari ta dawo kan katanga tare da ’yan tsirarun da suka rage. Ya gane ta da wani gashin fiffike da ya karye, kuma bai jefe ta da ƙashi ba.

Daminar wannan shekarar ta nuna wa mahautan Gummi abin da suka rasa. ’Yan ungulayen da suka saura ba su iya da dattin kwata, sai ya taru ya ruɓe, ruwan sama ya kwashe shi ya watsa cikin unguwa. Ƙuda ya yi baƙi a kan nama. Masu abinci a bakin kwata suka tashi. Karnuka kuwa suka samu gari, suna zuwa garke-garke, har wata mahaukaciyar karya ta ciji yara biyu da wata mai koko, sai da aka yi ta neman allura daga wannan asibiti zuwa wancan. Tanko ya sayi tsohon baro. Kullum in ya gama fiɗa sai ya loda datti ya tura yana ɗingishi, ya ware abin da ungulu za ta ci ya zuba a fili ɗaya inda idonsa ke kai, sauran ya binne.

Da ya ga shi kaɗai ba zai iya ba, sai ya je wa Sarkin Fawa Mainasara, dattijon da ke shugabantar mahautan garin, ya roƙi a tara jama’a. Aka taru a zauren Sarkin Fawa bayan la’asar. Da aka ji abin da ya tara su, matasa suka fara ƙyaƙyatawa a baya. Tanko bai saba magana a taro ba, gumi ya jiƙa masa riga, amma ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, ni ban iya zance ba. Amma kowa ya ga kwata. Da can wa ka share muna ita? Ma’aikata Allah ya ba mu, ba su neman lada, ba su fashin zuwa. Munka zura ido anka kashe su, kuma da namanmu anka kashe su. Ga shi yanzu ɗiyanmu karnuka ka cizo. Roƙona guda: kada mahaucin garinga ya ƙara ba baƙo ko guntun hanji sai ya san mi za a yi da shi.”

Kowa ya san da wa ake, ko da yake bai kama suna ba. Muttaka ya miƙe, fuskarsa a murtuke.

“Yaya, ka faɗi sunana kawai. Ni na ba su. Iyali gare ni. Tun da daji ya ɓaci shanu sunka yi tsada, wata rana mu biyar muka haɗuwa kan sa guda. Abin da za ni zubarwa wani ya ce zai saya, in ƙi? Ungulu ta Allah ta, ba ta kowa ba.”

“Shi ya sa nika tsoro,” in ji Tanko. “Da ta wani ta, sai mu ba shi haƙuri.”

David, da aka gayyato ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙara da cewa gubar da ake barbaɗawa ba ta tsayawa a kwazazzabo, ruwa na gangarar da ita gulbin da shanu ke sha, mata ke wanki. Sarkin Fawa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke: daga ranar, duk mahaucin da aka kama ya ba masu guba nama zai bar kwata, kuma kowa zai riƙa kai dattinsa filin da Tanko ya ware.

Tanko ya samu abin da ya zo nema, ya kuma yi asarar da bai zata ba. Washegari da ya isa kwata ya tarar Muttaka ya janye teburinsa daga rumfar da ubansu ya kafa, ya koma can ƙarshen layi. Tanko ya tsaya yana kallon sawun ƙafafun teburin a ƙasa. Sannan ya wasa wuƙarsa ya kama aiki.

Bayan an kawar da amfanin gona sai wata tambaya ta hana shi sakat: ina suke kwana, ina suke haihuwa? Ya lura in rana ta yi sanyi gabas suke nufa. Ya shiga bin su ta cikin gonaki, yana tsallake kunya da ƙafarsa mai ciwo, yau ya ɓatar da su, gobe ya ƙara gaba. Har ya iske wani ƙaton rimi tsaye shi kaɗai a gonar wani attajiri, Alhaji Abdulwahabu. Can a ƙololuwa akwai sheƙa ta ƙirare, ga ungulu kwance a ciki. Da ta miƙe ta gyara zama ya hangi gashin fiffiken nan da ya karye. Ya zauna a gindin rimin yana dariya har da hawaye. Sai da ya tashi tafiya ya ga jan fenti a jikin bishiyar, alamar masu injin yankan katako.

David ya gaya masa ƙwai ɗaya tak ungulu ke yi a shekara, in ya lalace sai wata shekarar. Tanko ya tafi wurin Alhaji Abdulwahabu ya yi gaisuwa ya faɗi buƙatarsa. Alhajin ya saurare shi da mutunci, ya ce ya riga ya sayar da rimin, magana ta bar hannunsa.

Ranar da masu injin suka zo, sun tarar da Tanko ya shimfiɗa buzu a gindin rimin, ya jingina da shi, da butarsa a gefe. Shugabansu, wani mai suna Shafi’u, ya sauko daga mota.

“Baba, a matsa muna, aiki za mu yi.”

“Ku yi aikinku, ɗana. Ni nan nika zaune.”

“Itacen naka na?”

“Ba nawa ba na. Amma akwai ƙwai bisa. Ku bari ya ƙyanƙyashe ɗan ya tashi, sannan ku yi yadda kunka ga dama.”

Shafi’u ya sa aka tayar da injin a kusa da kunnensa don ya tsorata. Ƙarar ta cika gonar, ungulun ta tashi daga sheƙa tana zagaye a sama. Tanko bai motsa ba. Manoma da masu wucewa suka taru. Aka aika aka kira mai unguwa, aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Shafi’u ya ce shi ma yaransa abinci suke ci, ba zai ɗauki asarar mota da mai a banza ba. Daga ƙarshe aka sasanta: za su dakata har ɗan tsuntsun ya tashi, Tanko kuma zai ba su ragon da ke ɗaure a kangonsa, wanda shi da Hure suke kiwo don layya.

Hure ba ta yi faɗa ba a wannan karon. Ta tsaya tana kallo aka ja ragon, ta shige ɗaki. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba ta ce masa uffan. Wannan shirun ya fi masa zafi a kan duk surutun gari.

Rani ya yi ta ja. Kullum da la’asar Tanko na gindin rimin, don kada wani ya hau ya sace ƙwan, daga baya kuma don kada a sace ɗan. Ya ga kan ɗan tsuntsun ya fara leƙowa daga sheƙa, ya ga iyayen suna amayo masa abinci a baki, ya ga yana bubbuga fukafukai a kan reshe yana jin tsoron sakin ƙafa. Ana cikin zafin bazara, wata rana ya saki. Ya yi ƙasa kamar zai faɗi, ya daidaita, ya bi bayan uwarsa.

Shafi’u ya cika alkawari, ya kuma zo karɓar nasa. Tanko ya tsaya daga nesa aka kayar da rimin, ƙasa ta girgiza har ƙarƙashin ƙafarsa. Da yamma ungulayen suka dawo suna ta zagaye a saman wurin da babu komai. Ranar bai iya cin tuwo ba. Hure ce ta fara magana.

“To, Malam, ka huta ke nan?”

“Na yi wauta, Hure. Ina tsaron itace guda, ga dubu can ana sarewa. Kuma masu guban nan da munka kora, wani gari sunka nufa.”

Daga nan ya fara tafiye-tafiye, shi da bai taɓa yin nisa da Gummi ba sai don sayen shanu. Ya bi masu unguwanni na kewayen gari yana roƙon a bar duk babbar bishiyar da aka ga sheƙa a kanta. Ranar kasuwar Bukkuyum ya hau motar ’yan tireda ya je ya nemi mahautan can. Suka karɓe shi da tsire da fura, suka sha dariya, suka ce za su duba. Ya koma, ya sake komawa, har Sarkin Fawansu ya gaji ya ce to, ya ji, ba za a ƙara ba baƙo nama ba.

A Anka abin ya fi wuya. Mahautan suka ce su sun manta rabon da su ga ungulu, me za su tsare? Ana shirin watsewa sai wani dattijo mai suna Ubaidullah, mutumin Abare da ya kawo awaki sayarwa, ya ɗaga sandarsa.

“Ku tsaya. Mu garinmu guba ta shigo muna cikin ƙasar zinari, ba mu gan ta ba, ba mu ji warinta ba, sai da munka binne ɗiyanmu. Jikokina biyu na ciki. Duk wanda ya taso tun daga Gummi ya ce ku yi hankali da guba, ku zauna ku saurare shi.”

Suka zauna. Kafin Tanko ya bar garin sun yi masa alkawari, har wani ya ba shi labarin wani ƙauye da aka ce ana ganin ungulu jifa-jifa.

Hanyoyin nan ba na wasa ba ne. A wata dawowa direba ya samu labarin ’yan bindiga sun tare gaba, ya karkatar da mota cikin wani ƙauye, fasinjoji suka yini a zauren mai gari suna jin harbi daga nesa. Da Tanko ya iso gida Hure ta ce ya isa haka, ba za ta zama gwauruwa saboda tsuntsu ba. Ya ce ta yi gaskiya. Ya rage tafiya, ya koma bin ayarin motoci da tsakar rana, amma bai daina ba.

A yau in ka je kwatar Gummi da hantsi za ka ga ungulu a kan katanga. Ba su da yawa, wata rana yatsun hannu ma sun ishe ka ƙirga su, amma akwai masu baƙin kai a cikinsu, wato ’ya’yan da aka haifa bayan waccan ɓarnar. Masu guba sun sake zuwa sau ɗaya, matasan mahautan da suka yi dariya a zaure su ne suka raka su har bakin gari. Muttaka bai dawo rumfar ubansu ba, sai dai suna gaisawa, kuma shi ma yana kai dattinsa filin. Gwiwar Tanko ta ƙara lalacewa, yanzu da sanda yake tafiya.

Kwanan baya wata Bafulatana mai suna Inno, da ke kawo wa Hure nono, ta ce ta ga sheƙar ungulu a kan wata kuka a wajen Gwashi, inda danginta suka sauka. Hure ta yi niyyar ta yi shiru, sai kuma ta faɗa masa da kanta, ta ƙulla masa ƙuli a leda. Ya hau mota, ya sauka ya hau babur, ya ƙarasa da ƙafa. Ya sami kukar a bakin wata gonar dawa. Ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana duban sama, har ya ga tsuntsuwar ta ɗago ta juya ƙwanta da baki ta sake kwanciya.

Wata mata ta zo wucewa da itace a kai. Tanko ya gaishe ta, ya ce, “Baiwar Allah, gonar wa ta wagga?”

Ta faɗa masa sunan mai gonar, ta nuna masa gidan da baki, can bayan wasu rumbuna. Tanko ya gyara hularsa, ya dogara sandarsa, ya nufi ƙofar gidan ya yi sallama.